Munduwar baƙin otal a Disney: me kuɗin zanen yake saya?

Wani dattijo daga Tudun Wadan Zariya ya aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ya ce. Ɗansa da ke aiki a Amurka ya kama musu ɗakuna a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawa na kamfanin Disney, shi da Hajiya da jikoki uku, sannan ya turo hotunan wasu mundaye na roba masu zane iri-iri, ya ce sababbin fitowa ne, kowa ya zaɓi tasa. Tun ranar jikoki suka hana gidan sakat. Alhaji yana so ya san ko dole ne sai an saya, ko mai zane ta fi marar zane aiki, ko gaskiya ne abin yana bibiyar mutum yana kuma ɗauke da bayanan bankinsa. Daga ƙarshe ya ƙara da cewa yana da hannun jari a wani ɗan wurin wasan yara mai ɗakunan kwana a nan gida, ko irin wannan tsari zai karɓe su.

Ranka ya daɗe Alhaji, sana'ata ita ce sanya makullan ƙofa masu kati da na'urorin tantance shiga a otal-otal da ɗakunan taro, kuma na taɓa ɗaura wannan munduwa a hannuna na yini da ita, don haka zan amsa maka daga ɓangaren mai gyara da ɓangaren baƙo duka. Amsar farko gajera ce: ba dole ba ne, kuma zanen da ke jikinta ba ya ƙara mata aikin komai. Wadda aka yi wa ado da wadda aka bari fara sol, muddin samfurinsu ɗaya ne, ƙofa ɗaya suke buɗewa, layi ɗaya suke shigar da mutum. Sauran bayanin shi ne yadda aka yi abin da ake bayarwa kyauta ya koma kayan ƙawa da ake saya, domin wanda ya fahimci wannan ba zai sha wahalar yanke shawara ba.

Sunan abin MagicBand. Kamfanin Disney ya fito da shi a shekarar 2013 a katafaren wurinsa da ke kusa da birnin Orlando na jihar Florida, inda yake da manyan wuraren shaƙatawa huɗu: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998, ga kuma otal-otal sama da ashirin a kewayensu. Munduwar ɗan ƙaramin yanki ce ta wani babban shiri da suka kira MyMagic+, wanda jaridun Amurka suka ruwaito cewa ya lashe kusan dala biliyan 1. Ina so ka riƙe wannan adadi, saboda ba robar hannu ce ta ci wannan kuɗi ba. Abin da ya ci kuɗin shi ne sauya makullan dubban ɗakuna, da dasa na'urorin karatu a kowace ƙofar shiga da kowane kanti, da shimfiɗa intanet a fili mai faɗin gari guda, da haɗa rumbunan bayanai da a da kowanne yake zaman kansa, da horar da ma'aikata. Munduwar ita ce kawai abin da ido yake gani, kamar ganyen rogo a sama alhali abincin yana ƙarƙashin ƙasa.

Idan aka tsaga ta, abu biyu za a tarar masu muhimmanci. Na farko 'yar ƙwaya ce da siririyar eriya, irin wadda ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura ba. Wannan fasaha ita ake kira RFID, wato tantance abu ta igiyar rediyo. Ƙwayar ba ta da batir. Na'urar da aka kusanta ta da ita ce take ba ta ɗan ƙarfin da za ta farka ta faɗi lambarta, shi ya sa sai an manna ta da na'urar kafin ta yi magana. Na biyu kuwa ɗan rediyo ne mai batir da ke aika sigina a kan zangon 2.4 GHz, wanda na'urorin da aka ɓoye a rufi da bango suke iya ji daga nisan mita goma ko fiye. Da ta farko ake buɗe ɗaki, a shiga wurin wasa, a biya kuɗi. Da na biyu ake gane cewa wane ne ke zaune a kujerar gaba ta lilon da ya wuce yanzu, sai hoton da kyamara ta ɗauka ya faɗa cikin asusunsa ba tare da ya nemi kowa ba.

Abin da ke rubuce a cikin ƙwayar lamba ce kurum. Babu sunanka a ciki, babu lambar katin banki, babu lambar fasfo. Misalin da nake ba masu otal shi ne lambar da yaron tasha yake rubuta wa kaya da alli: lambar ba kayan ba ce, sai an je littafin da ke ofis sannan a san na waye, ina za shi, an biya ko ba a biya ba. Haka nan idan ka manna munduwa, na'ura takan aika lambar zuwa rumbun bayanai, can ne ake dubawa a ga wannan lamba ta wane ce, yana da tikitin yau, ɗakinsa kaza, an yarje masa ya ci bashi a kan ɗaki. Wannan ne dalilin da ya sa mutum ɗaya zai iya mallakar mundaye biyar duk a kan asusu ɗaya, kuma in ɗaya ta ɓata sai a kashe lambarta a manhajar My Disney Experience ko a teburin karɓar baƙi, ta koma roba zalla a hannun wanda ya tsinta.

Ga yadda shigar take, domin kada ta zo maka baƙuwa. A bakin ƙofa babu ƙarfen juyawa irin na da, sai wasu gajerun sanduna masu dunƙulallen kai, a jikin kowanne akwai da'ira mai siffar kan Mickey, ɓeran nan na zanen Disney. Za ka haɗa fuskar munduwarka da wannan da'ira, sai haske ya fara zagayawa, ka ɗora yatsa ɗaya a kan ɗan gilashin da ke gefe. In komai daidai ne sai hasken ya koma kore tare da wata 'yar ƙara mai daɗi, ka wuce. In ya koma shuɗi, akwai abin da ke buƙatar dubawa, nan take ma'aikaci zai matso da na'urarsa a hannu. Na ga wata tsohuwa da ta ɗora babban yatsa ranar farko, washegari ta ɗora manuniya, haske ya yi shuɗi, ta tsaya tana duban munduwar kamar ita ce ta yi mata laifi. Saboda haka ka gaya wa Hajiya da yara kowa ya riƙe yatsan da ya fara da shi. Yaron da bai kai shekara uku ba ba ya buƙatar tikiti, don haka in akwai irinsa a cikin jikokin, munduwarsa ta lallashi ce kawai.

Yanzu ga tarihin zanen, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Da farko duk wanda ya kama ɗaki a otal ɗin kamfanin kyauta ake ba shi munduwa mai launi ɗaya, ja ko shuɗi ko kore ko rawaya da makamantansu, a buga sunansa a cikinta. An yi mata dabara mai kyau: gefenta na waje ana iya yage shi, sai ta ragu ta dace da hannun yaro. A ƙarshen 2016 aka bayyana samfuri na biyu, wanda tsakiyarsa wani ɗan faifai ne da ake kwancewa da ƙaramar sukudireba a mayar da shi cikin maƙalar makulli ko abin ratayawa. Masu zane tun farko ana sayar da su a kantunan cikin wurin, amma a 2019 sai aka buɗe wa baƙin otal hanyar zaɓen mai zane tun kafin su iso, a kan farashi mai rangwame, maimakon ta kyautar. Daga ranar 1 ga Janairun 2021 aka daina bai wa baƙin otal ta kyauta. A watan Maris na wannan shekarar aka fito da MagicMobile, wanda ke mayar da wayar mutum ta zama tikitinsa. Sai ranar 27 ga Yulin 2022 aka ƙaddamar da MagicBand+ a Florida, mafi araha a lokacin tana kan dala 34.99, sannan ta isa Disneyland na Kalifoniya a watan Oktoban shekarar.

Duk wanda ya taɓa kasuwanci zai gane abin da wannan jeri yake faɗa. An fara saba wa mutane da abu kyauta har ya zame musu jiki, yara suka ɗauke shi alamar cewa tafiya ta tabbata, sannan aka janye kyautar aka bar zaɓi. Daga nan kuma sai zane ya zama shi ne haja. Ana fitar da sababbi a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, da lokacin cikar wani wuri shekaru kaza, da lokacin da sabon fim zai fito, wasu ma a ce adadinsu ƙayyadadde ne, in sun ƙare sun ƙare. Mu da muka san yadda atamfa take ba sai an yi mana dogon bayani ba: yadin bara da na bana saƙa ɗaya ce, amma mai shago a Sabon Gari ya san cewa da zarar an ce wannan ce ake yayi, ta bara ta zama kwantai. Ban ga laifin kamfanin a nan ba, kasuwa ce, kuma wasu zanen suna da kyau ƙwarai. Abin da nake so kawai shi ne mai saye ya san cewa ado yake saya, ba dama ba. Rangwamen baƙin otal ma abu ne da kamfanin ya riƙa sauya sharuɗɗansa lokaci zuwa lokaci, don haka farashin da ɗanka ya gani a ranar da zai biya shi ne abin dogaro, ba wanda wani ya faɗa bara ba.

Akwai bambanci na gaskiya guda ɗaya, kuma ba tsakanin zane da zane yake ba, tsakanin tsohon samfuri ne da MagicBand+. Sabuwar tana da fitilu masu sauya launi, tana ɗan girgiza a hannu, tana kuma gane motsin hannu. Da daddare idan ana wasan wuta a sama, sai ka ga dubban hannaye suna walƙiya tare da kiɗan. Akwai kuma wasu siffofi masu ruwan zinare da aka kakkafa a wuraren huɗu lokacin bikin cikar wurin shekara 50 a 2021, in yaro ya tsaya gabansu ya ɗaga hannu sai su yi sauti. Duk wannan yana cin wuta, shi ya sa take zuwa da wayar caji, kuma cajin yakan kai kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon amfani. Ana kuma haɗa ta da wayar salula ta Bluetooth kafin waɗannan wasanni su yi aiki yadda ya kamata. Amma in cajin ya ƙare kada hankalin kowa ya tashi, ƙofar ɗaki da ƙofar shiga za su ci gaba da buɗewa, tunda na faɗa maka ƙwayar da ke wannan aikin ba ta dogara da batir ba. Tsohon samfuri kuwa batirinsa a rufe yake ba a canzawa, an ƙiyasta masa kimanin shekara biyu, bayan nan sai aikin nesa ya mutu na kusa ya ci gaba.

To me mutum zai yi in bai saya ba? A teburin karɓar baƙi za a ba shi kati kyauta, mai suna Key to the World, wanda ke buɗe ɗaki, ya shigar da shi wurin wasa, ya kuma biya kuɗi a kan ɗaki. Wanda ya iya waya kuma zai iya shiga da ita, ya buɗe ɗaki ta manhaja. Gatan da baƙin otal suke da shi, irin shiga da wuri da minti 30 kafin sauran jama'a, yana maƙale ne da ɗakin da aka kama, ba da abin da ke hannu ba. Haka ma damar tsallake dogon layi da ake biya, wadda yanzu ake kira Lightning Lane bayan an soke tsohon tsarin kyauta na FastPass+ a 2021, sayenta ake yi daban, munduwa dai tana nuna shaidar an saya ne kurum.

In da ni ne a matsayinka, ga yadda zan yi. Zan bar jikoki su zaɓi nasu, domin a hannun yaro munduwa ta fi kati amfani nesa ba kusa ba: ba ta faɗuwa daga aljihu, ruwa ba ya ɓata ta in an shiga wurin iyo, kuma murnar zaɓen ma wani ɓangare ne na tafiyar. Sai dai a ɗaura ta da kyau, saboda maɓallinta irin na turawa cikin huda ne, kuma yaro mai tsalle-tsalle yakan fizge shi bai sani ba. Kai da Hajiya kuwa kati ya ishe ku, sai in ku ma ran ya biya. Kuma tunda ɗanka yana can, a aika da su adireshinsa ko a saya bayan an isa, kada ku ɗora rai a kan za a kawo muku su Zariya.

Akwai abu biyu da kasidun kamfanin ba za su taɓa maka ba amma mu dole mu yi tunaninsu. Na ɗaya alwala: munduwar roba ce mai faɗi da take kwanciya a tsintsiyar hannu, ruwa ba ya ratsa ta, don haka hukuncinta a aikace kamar na agogo ne mai matsewa, a kwance ko a sassauta, kuma kwancewar ba ta da wahala. Na biyu, yawancin masu zanen hotunan halittu ne masu fuska. Ba ni ne mai bayar da fatawa ba, wannan na malamai ne, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da yin salla da hoto a hannu ba yana da mafita mai sauƙi: ya zaɓi mai launi ɗaya ko mai zanen da ba na halitta ba, ko ya cire ta ya sa a aljihu, ko ya tsaya a kan kati.

Batun kuɗi kuwa shi ne inda nake so ka fi sa ido, fiye da batun zane. Idan aka ajiye katin banki a otal, duk wanda aka yarje wa zai iya sayen abinci da tsaraba ta hanyar manna munduwa da danna lambar sirri, a tara bashin a kan ɗaki. Bayanan katin suna rumbun otal, ba a hannunka ba, don haka ta fuskar sata tsarin yana da kariya, ɓarawo sai ya san lambar sirri. Haɗarin na wani waje ne daban. Mutumin da ya ƙirga takardun kuɗi ya miƙa yakan ji zafin rabuwa da su, wanda ya manna hannu ya ji ƙara mai daɗi ba ya jin komai sai ranar sallama, ga shi kuma dala ce ba naira ba. Kuɗin da ba a gani ba a jin ciwonsu. Ana iya zaɓar wanda za a buɗe wa damar saye da wanda za a rufe wa, saboda haka tun ranar sauka a rufe ta yara, a kuma riƙa duba lissafin a manhaja kowane dare.

Game da bibiya, amsar gaskiya ita ce e, a cikin harabar wurin. Ɗan rediyon nan na nesa yana sanar da na'urorin kamfanin inda munduwa ta ratsa, kuma da irin wannan bayani ake sanin inda cunkoso yake, da yadda jama'a suke zirga-zirga, da abin da suke so. Amma ba ta da GPS, ba ta magana da tauraron ɗan'adam, in ka bar harabar babu na'urar da ke sauraronta, balle in ka dawo da ita Tudun Wada ka jefa a durowa. Kuma kada a ɗauke ta abin nemo yaro, domin ba za ka buɗe waya ka ga inda jikanka yake tsaye ba. In yaro ya ɓace, ma'aikaci mafi kusa ake nema, kuma yana da kyau a rubuta lambar wayar ɗanka a saka wa kowane yaro a aljihu. Wanda ba ya son a ji motsinsa daga nesa sai ya ɗauki kati, wanda ba ya magana sai an manna shi. Alhazanmu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani, tunda bayan turmutsutsun Mina na 2015 hukumomin Saudiyya sun sanar da mundayen lantarki na tantance mahajjata a 2016.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi kusa da sana'ata. Tsarin zai yi aiki a nan, amma ba irin na Disney ba, kuma kada wani ɗan kwangila ya ruɗe ku da hotunan Florida. Abin da ya dace da ƙaramin wuri shi ne munduwar roba marar batir mai ƙwaya ɗaya, ko ma ta takarda mai ƙarfi da ake mannewa sau ɗaya a yanke in an tashi. Makullan otal da muke sanyawa a ƙasar nan yawancinsu ba su da alaƙa da intanet: kowanne yana aiki da batir huɗu irin na tocila ƙarama, kuma izinin buɗewa a jikin katin ake rubuta shi a teburin karɓar baƙi, da lambar ɗaki da ranar ƙarewa. Munduwar da ke ɗauke da ƙwaya irin ta katin za ta buɗe wannan makulli ba tare da an sauya komai ba. Wannan ya saɓa wa tsarin da na bayyana a sama, inda kowace taɓawa sai an tambayi rumbun bayanai, kuma a wurinmu wannan saɓanin shi ne rufin asiri.

Na koyi wannan da wahala. An taɓa kirana ranar hawan Salla zuwa wani wurin wasan yara da wani ya sanya musu ƙofar shiga mai dogaro da intanet kacokan. Wuta ta ɗauke, janareta ya tashi amma na'urar intanet ta ƙi dawowa, ga iyaye da yara cikin sababbin kaya sun yi layi har bakin titi cikin rana, kowa da munduwa mai kyau a hannu wadda ba ta buɗe komai. Na iske manajan tsaye a kan kujera riƙe da biro yana yi wa yara alama a bayan hannu, gumi ya jiƙa masa babbar riga sharkaf. Sai da muka kwance ƙofar muka koma duba launi da ido sannan layin ya motsa. Tun daga ranar, duk wanda zan yi wa aiki sai na tambaye shi abin da zai faru in babu wuta kuma babu sabis na awa uku, in ba shi da amsa ba na fara aikin. Kwamfutar da ke riƙe da bayanai ta zauna a cikin harabar, da batirinta da hasken rana, ƙofofi su iya aiki ko an yanke su daga waje, sannan a ajiye makullin ƙarfe na gaggawa a inda manaja ya sani.

Ku kuma tambayi mai kawo kayan irin ƙwayar da ke ciki. Masu aiki a kan 125 kHz sun fi araha, amma ana kwafe su cikin daƙiƙoƙi da wata 'yar na'ura da ake sayarwa a fili. Sanannen samfurin nan MIFARE Classic, mai aiki a kan 13.56 MHz, masu bincike sun karya sirrinsa tun 2008. In shiga lilo kawai za a yi da ita, wannan ba babbar damuwa ba ce. Amma in za a loda mata kuɗi ko ta buɗe ɗakin da baƙo yake ajiye kayansa, a nemi mai kariya mafi ƙarfi irin DESFire ko da ta fi tsada. Sannan duk bayanan da za ku karɓa daga baƙi, suna da lambar waya da hoto, suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, don haka a taƙaita ga abin da ake buƙata.

A ƙaramin wuri ne ma zane yake iya yin aikin gaske, ba ado kaɗai ba. Launi ɗaya na baƙin da suka kwana, wani na masu yini, wani na yaran da tsayinsu bai kai hawa babban lilo ba, kuma launin masu yini ya riƙa sauyawa kullum domin kada ta jiya ta dawo yau. Mai gadi zai gane daga nesa ko na'ura ta mutu. Ta fuskar ƙawa kuma, ina roƙonku kada ku buga hotunan Disney: mallakar wasu ne da doka take karewa, kuma bugun kwaikwayo yakan fito da fuska a karkace, ya zubar da darajar wurin. Garin da yake da ganuwa da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, da dutsen Kufena, da dagi da sauran zanen da magina suke yi a fuskar soro, da aska takwas ta babbar riga da maɗinkan birni suka shahara da ita, bai rasa abin sa wa a hannun baƙo ba. Jerin ƙofofin kaɗai ya isa a yi mundaye da yaro zai so ya tara, ya dawo Salla mai zuwa don ya cike wadda ba shi da ita, kuma ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, ba sai an nemo mai zane daga nesa ba.

Wajen bugawa, zanen da aka nutsa cikin robar aka cike da launi ya fi wanda aka shafa a sama daɗewa, domin gumi da man shafawa da ranar bazara suna cinye fentin sama cikin 'yan makonni. A yi girma biyu aƙalla, na yara da na manya. Ku kuma sani cewa dattijai da yawa ba za su yarda su ɗaura abin da ya yi kama da awarwaro ba, don haka a tanadi kati ko maƙalar makulli mai ƙwaya iri ɗaya a gefe. Kafin ku ba da oda mai yawa, ku sa mai kawo kayan ya turo guda goma, ku gwada su a kan makullan ɗakunanku ɗaya bayan ɗaya, ku jiƙa biyu a bokiti su kwana, ku shanya biyu a kan kwano mako guda, sannan ku sake gwadawa.